Sunan da Iya Ba Ta Faɗa

A gidanmu na Matameye, rani na mata ne da yara. Da an gama girbi an jera dammunan gero a rumbu, sai babana ya ɗaure kayansa ya ƙetara Kano cin rani, kamar yawancin mazan unguwarmu, ba za mu sake ganinsa ba sai ruwa ya sauka an fara zancen shuka. Gidan sai ya rage daga Iya, mahaifiyarsa, sai Inna da ta haife ni, sai mu yara huɗu: ni ce babba, sannan Sani, da Hajara, da Auta. Akwai kuma awaki, waɗanda a ganin Iya sun ɗan fi mu hankali. Ita ce mai gida a waɗannan watanni, kuma ban taɓa jin ta ce aikin ya yi mata yawa ba.

Tsakanin magariba da lisha take mana tatsuniya, bayan an kwashe tuwo an wanke hannu. Ba ta yarda a kashe wutar murhu da wuri. Sai ta jawo tabarmarta kusa da garwashin, ta ɗauko audugarta da mazari, ta shafa alli a yatsa, ta fara kaɗi a ɗan hasken da ya rage. Mu kuma mu kewaye ta, kowa yana ture ɗan'uwansa don ya samu gefen da hayaƙi ba ya bi. Kafin ta fara magana takan ɗauki lokaci tana murza mazarin, leɓɓanta suna motsi ba sauti. Mun ɗauka tasbihi take yi, don haka ko Auta, wanda ba ya iya rufe baki, yakan jira ta gama.

Sunana Ramatu. Na faɗa tun yanzu ne domin a gidan da na tashi sai ka yi wata guda ba ka ji shi ba. Inna ba ta faɗarsa, don ni ce ƴarta ta fari, kuma macen da ta san kanta a wancan lokaci ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta ma cika kallonsa ba. A wurinta ni ce "ke", in abin ya yi tsawo in zama "yarinyar nan". Iya ma ba ta faɗarsa, don babana sunan yayarsa ya mayar a kaina, wato ƴar farin Iya, wadda ta rasu tana ƙarama tun kafin a haife shi. Ita sai ta ce mini Maisuna. Ƙannena kuwa Yaya suke cewa. Saboda haka sunana yana bakin mutum biyu ne kawai: babana, wanda rabin shekara ba ya gari, da mushen lakwal ɗinmu, wato malamin makarantarmu, idan yana kiran suna da safe. Abin yana ci mini rai ƙwarai, ko da yake na san ba ƙiyayya ba ce. Yaro ba ya rarrabe kunya da rashin so idan ya ji an kira kowa an tsallake shi.

Iya tana da tatsuniyoyi da yawa, amma akwai ɗaya da ba ta yi sai ƙarshen bazara, lokacin da zafi ya kai maƙura, gabas ta fara haɗa gira da yamma ana jiran ruwan farko. Takan ce, "Ga ta nan tafe, a ba ta wuri." Mu ce, "Ta ƙaraso, mun share mata."

Wai a can farkon zamani akwai wasu ƴan'uwa mata biyu, Girgiza da Guguwa. Girgiza ce babba, ƙatuwa ce mai nauyin barci, tana kwance a ƙarƙashin ƙasa. Ba muguwa ba ce, in ji Iya, juyi kawai take yi idan gefe ɗaya ya gaji da kwanciya. Sai dai in ta juya, garin da ke bisa bayanta ya tafi ke nan. Soraye su durƙusa, rijiyoyi su rufe bakinsu, mutum yana cikin cin tuwo ɗaki ya sauko masa. Sani yakan leƙa ƙarƙashin tabarma ya tambaya ko tana nan ƙasan Matameye.

"Ko ɗan yatsan ƙafarta bai kawo nan ba," in ji Iya. "Tana can ƙasashen duwatsu, inda alhazai ke kawo labari. Mu ƙanwar aka ba mu, ita ma ta ishe mu."

Ƙanwar ita ce Guguwa, doguwa siririya, ba ta da ɗaki, ba ta da ɗa, kullum tana yawo tana tsince-tsince. A faɗarta ita ba ɓarauniya ba ce, abin da ba shi da mai shi kawai take ɗauka. Kafin ta taɓa abu sai ta tsaya cik, iska ta ɗauke, ganye ya daina motsi, ta kasa kunne. Duk abin da aka kira da sunansa sai ta bar shi ta wuce. Wanda ba a kira ba kuwa ta naɗe shi a zanenta.

Wata rana ta biyo ta wani gari da maza duk sun tafi cin rani. A garin akwai wata mata mai ƴaƴa huɗu, suna wasa a waje. Da matar ta hango jan gari, wato jar ƙurar guguwa, ya taso, sai ta fito bakin ƙofa ta shiga kira. A nan Iya takan ɗaga murya ta yi amfani da sunayenmu: "Sani! Hajara! Auta!" Su kuma su amsa da ƙarfi suna dariya, kowa yana jin daɗi an sa shi a tatsuniya. Yaran uku suka rugo ɗaki. Saura babbar, tana gindin itace tana wasan carafke. Matar ta buɗe baki, sai ta ga uwar mijinta tsaye a gefenta. Sai ta ce, "Ke! Ke yarinyar nan!"

Guguwa ta kasa kunne ta ce, "Yarinyar nan? Ai duk duniya yarinyar nan ce. Wannan ba ta kowa ba ce." Ta naɗe ta tare da wani faifai da kaza guda, ta yi gaba.

Matar ta bi sawu kwana da kwanaki. Da ta gaji sai ta shiga wani rami ta kai ƙara wurin Girgiza, tun da ita ce babba. Girgiza ta buɗe ido ɗaya da ƙyar ta ce, "Ni ban san wani abu suna ba. In na juya, mai suna da marar suna duk ɗaya ne a wurina. Ke da aka tsaya aka saurare ki, me ya hana ki magana?" Ta mayar da idonta ta rufe. Daga nan matar ta ci gaba har ta iske Guguwa zaune a wani busasshen tafki tana rarraba kayan da ta tsinto: faya-fayai, da zannuwan shanya, da kaji, da hular wani malami. Ga yarinyar zaune a tsakiyar kayan, duwatsun carafkenta a hannu. Guguwa ta ce, "In taki ce, kira ta ki tafi da abarki. Sau ɗaya ya isa." Matar ta waiga, ashe duk garin sun biyo ta, surukanta a sahun gaba, kowa ya zuba wa bakinta ido.

A nan Iya take tsayawa, kowace shekara. Ko dai zarenta ya tsinke, ko ta ce ta ji kamar an kira lisha. "Nan ta gaji ta zauna," in ji ta. "Ku tashi ku yi alwala." Mu yi ta magiya, ba ta ƙara ko kalma. Sani ya ƙirƙiro nasa ƙarshen, wai matar ta ɗauko taɓarya ta karya wa Guguwa ƙugu, kuma Hajara da Auta sun gamsu da hakan. Ni ban gamsu ba. Na lura sarai cewa a cikin yaran tatsuniyar uku suna da sunayen ƙannena, ta huɗun kuma, wadda aka naɗe da kaza, ba ta da ko ɗaya.

Shekarar da na cika goma na kasa haƙuri. Ranar an yi wani irin zafi mai danƙo, ga maza ba su dawo ba tukuna, rufin ɗakuna da dangogi duk suna jiran gyara. Mun ci tuwo da wuri. Iya ta kai daidai inda matar ta ce "yarinyar nan", sai na katse ta, abin da ba a yi.

"Iya, mene ne sunan yarinyar?"

"Tatsuniyar ba ta faɗa ba."

"Ai kowa yana da suna. To ni mene ne sunana?"

Inna tana wanke tukunya a gefe, ta ɗago ta ce, "Ke! Rufe mana baki, marar kunya." Iya ba ta ko dube ni ba. Ta murza mazarinta ta ce, "Maisuna, tashi ki ɗebo mini ruwa a randa."

Na tashi, amma ban nufi randa ba. Na zagaya bayan rumbu na shige rumfar awaki, wata ƴar rumfa da babana ya jingina da katanga, ya rufa mata tsofaffin tol, wato kwanon rufi, guda biyu ya danne su da manyan duwatsu don kada iska ta ɗauka, kamar yadda kowa ke yi a garin. Na zauna a kan wani turmi da ya fashe, na yi wa kaina alkawari: daga yau ba zan sake amsa "ke" ba, ba zan sake amsa Maisuna ba. Wanda yake so na ya kira ni da sunan da aka yanka mini rago da shi. Ina zaune ina shirya yadda za su neme ni su gaji, su yi nadama, ban lura da cewa awakin sun miƙe suna jan turakunsu ba.

Abin da na fara ji shi ne shiru. Iska ta ɗauke gaba ɗaya, har ina jin kukan jaririn gida na uku. Na leƙa ta tsakanin rumbu da katanga, na ga gabas ta yi ja wur daga ƙasa har sama, ja ɗin kuma yana tafiya. Sai wata ƙara ta biyo baya, kamar manyan motoci da yawa sun jero a hanyar Kano. Na hango Iya ta yi abin da take yi kullum in hadari ya taso, ta kamfaci ƙasa da hannu biyu ta binne garwashin murhu, domin ta sha faɗa mana cewa iska da wuta in suka haɗu unguwa ce ke tafiya. Inna ta sungumi Auta, ta kora Sani da Hajara cikin soron Iya, wanda shi ne mai rufin azara, ya fi sauran ƙarfi. Daga nan ban sake ganin komai ba. Yashi ya rufe gidan, yana dukan fuska kamar ana watsa tsakuwa.

Na ji muryar Inna: "Ke! Ke yarinyar nan! Kina ina?" Na ji ta Iya: "Maisuna! Maisuna!" Ba zan yi ƙarya ba, na ji su sarai. Tsoro ya kama ni, tol ɗin da ke saman kaina yana ɗagawa yana faɗuwa, duwatsun suna gurgurawa a kansa, amma na ƙanƙame turmin na ƙi motsi. Taurin kan ƴar shekara goma ba abin wasa ba ne. A raina ina cewa, sau ɗaya dai, su faɗa sau ɗaya.

Sai na ji wata murya da ban sani ba, ƙatuwa, a tsage, ta keto iskar.

"Ramatu!"

Ban gane ko wace ce ba sai a karo na biyu. "Ramatu! Ramatu, taho!" Ban tuna na yanke shawarar tashi ba, ƙafafuna ne suka tashi da kansu. Na ruga ido rufe na yi karo da ita a tsakar gida. Ashe Iya ta fito cikin wannan bala'i, ba ɗankwali, tana lalube. Ta damƙi wuyan hannuna ta ja ni cikin soro, Inna ta danna ƙofa ta tokare da taɓarya. Ba mu gama zama ba muka ji wani abu ya rushe a bayan rumbu, ƙasa ta amsa, awaki suka yi kuka ɗaya suka yi shiru.

Iya ba ta sake ni ba har iskar ta wuce ruwa ya sauko. Ba ta yi mini faɗa ba, numfashi kawai take yi. Shatin farcenta ya kwana uku a hannuna. Da gari ya waye muka ga katangar ta kwanta a kan rumfar, ta kashe akuya biyu, ɗaya daga cikin duwatsun da aka danne tol da su kuma yana zaune a cikin fasasshen turmin. An tsinci rufin maƙwabtanmu a wata gona ta wajen hanyar Ɗan Barto. A unguwarmu an yi jana'izar wani tsoho da ɗakinsa ya faɗa masa, aka kuma kai wata mata likita, tol ya yanke ta a kafaɗa tana ƙoƙarin kwashe shanya. Inna ta jira sai da aka gama share gida tukuna ta zane ni da kyau, kuma ban ga laifinta ba.

Da hantsi Iya ta dube ni ta ce, "Maisuna, kawo tsintsiya." Na ce, "To, Iya." Shi ke nan. Ba ta sake faɗar sunana ba har ta bar duniya, ni kuma ban sake nema ba. Tatsuniyar Guguwa ma ba ta sake yin ta ba. Da Sani ya tambaya a bazarar da ta biyo, cewa ta yi ta manta.

Na yi karatu na zama malamar lakwal, na yi aure a nan cikin gari. A lokacin ina cikin masu yi wa irin wannan kunya dariya, ina cewa ni in na haihu zan kira ɗana da sunansa a tsakiyar kasuwa. Da cikin fari ya tsufa aka mayar da ni gida haihuwa, na haifi namiji. Iya ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, kaɗin ma ta bari, amma ita ke zaune a kan kujera tana ba da umarnin wankan jego, tana faɗa in ruwan bai yi zafin da take so ba. Washegarin suna, da baƙi suka ragu, ta sa aka fita aka bar mu mu biyu da jaririn.

"Wane suna aka sa masa?" ta tambaye ni.

"Iya, ai kin ji jiya."

"Na ji a bakin maza. A bakinki nake so in ji."

Na buɗe baki, sai na ji harshena ya yi nauyi. Ni da bokona, ni da cika bakina, na sunkuyar da kai na ja mayafi na rufe fuska. Ba wanda ya koya mini, abin ya zo ne da kansa tare da ruwan nono. Iya ta yi ƴar dariya ta ce dama ta sani. Sannan ta gyara zama ta yi magana a hankali, ba tare da ta canza murya ba, kamar mai ba da labarin farashin gero.

"A Dawce ne, gidan kakanku na farko. Yayar ubanki, mai sunan nan, shekararta biyar. Tana gindin gawo da yaran maƙwabta, maza duk ba sa nan. Da jan gari ya taso, kowace uwa ta fito ta kira nata, suka watse. Ni ina bakin ƙofa, uwar mijina tana nan gefena. Na ce ke. Na ce yarinyar nan. Ita kuwa ta duƙa tana tattara duwatsun carafkenta, ba ta san da ita ake ba. Sai reshe ya sauko."

Jaririn yana barci a cinyata.

"Ban sani ba ko da na kira za ta ji," in ji Iya. "Iskar da ƙarfi. Malamai sun ce kwananta ne ya ƙare, kuma haka ne, ban yi musu ba. Amma ni na san abin da ya faru a nan." Ta taɓa maƙogwaronta. "Sunan ya zo har nan. Bai san hanyar fita ba, don bai taɓa bi ba."

Ta ce ba cewa take in zubar da kunya ba. Kunya ado ce, kuma yaron da uwa ke ja masa suna a gaban jama'a kansa yakan yi girma. "Ki yi masa kunyarki yadda aka yi miki. Amma kullum, in kin samu kanki ke kaɗai, ki faɗe shi sau ɗaya, ko da ba sauti. Harshe ya san hanya. Ni tun ranar da ubanki ya mayar da sunan nan a kanki nake koyo. Shekara goma ina yi kafin a neme shi a wurina."

Sai a lokacin na tuna leɓɓanta a gaban murhu, da mazari yana juyawa, da mu muna jira ta gama. Na ce, "Iya, mu fa mun ɗauka tasbihi kike yi."

"Har da tasbihin," ta ce.

Na tambaye ta yadda tatsuniyar ta ƙare, tun da yanzu na girma. Ta ce matar cikin tatsuniya tana can tsaye a bakin tafki har yau, mutane suna kallon bakinta. "Ita ban san mata ba. Ni dai na kira." Daga nan ta ɗaga murya ta ce a zo a duba ruwan wanka, ya isa haka. Bayan shekara biyu ta rasu, a cikin damina, ranar da ko iska ba a yi ba.

Yanzu ni ke koya wa yara darasin girgizar ƙasa da guguwa. Ina zana musu a allo yadda ɓawon ƙasa yake a tsattsage, yadda ɓangare ke gogar ɓangare, da yadda iska mai zafi ke haɗuwa da mai sanyi ta murɗe. Ba na ce musu wata ƙatuwa ce ke juyi a ƙarƙashinmu, ko da yake bayanin Iya ya fi nawa saurin shiga kai. A waya kuma ana turo mana hotunan ƙasashe masu nisa: baƙar guguwa mai siffar mazari tana tsince gidaje ɗaya bayan ɗaya, ko gari guda da ya zama tarin ƙasa cikin ɗan lokaci. Na ga wani inda masu tono suka ɗaga hannu, kowa ya yi tsit, aka kashe injuna, sannan aka kawo wata mata gaban ɓaraguzan aka ce ta kira. Ban ji yarensu ba, amma bakinta na tsaya kallo. Ba ta yi jinkiri ba ko kaɗan.

Ban yarda cewa guguwa tana kasa kunne ba. A wannan Girgiza ta fi gaskiya: katanga in za ta faɗi ba ta tambayar sunan wanda ke ƙarƙashinta, kuma mutane da yawa an kira su da sunansu har murya ta dushe ba su fito ba. Abin da na sani kaɗan ne. Iska ba ta ji, amma yaro yana ji, kuma akwai yaron da ba zai taso ba sai ya ji nasa. Na san haka domin ni ce na zauna a kan turmin.

Ɗana na fari ya girma, ya yi aure, shi ma yana tafiya Kano cin rani kamar kakansa. A gaban mutane yayansu nake ce masa, a wayata ma haka na rubuta. Shekarun farko na riƙe abin da Iya ta ce, kullum in na idar da sallar asuba sai in faɗa sau ɗaya a cikin hijabi. Daga baya ƙannensa suka zo, aiki ya yi yawa, na fara tsallake kwanaki, har na bari ban san ranar da na bari ba.

A farkon daminar bana, wata ranar Alhamis da la'asar, rediyo ta ce masu meteyo, wato masu hasashen yanayi, sun yi gargaɗin iska mai ƙarfi. Na san ranar zai taso daga Kano. Na fito tsakar gida na ga gabas ta fara ja, ganyen dogon yaron ƙofar gida ya tsaya cik. Matarsa tana nan tana kwashe shanya, maƙwabciyata Hajiya tana zaune a kan tabarma ta zo karɓar rariya. Na ɗauko waya na kira shi. Ya ɗauka, hayaniyar tasha tana tashi a bayansa. Na ji sunan ya taso ya tsaya mini a maƙogwaro, daidai inda Iya ta taɓa. Na ji tsoro sosai, domin na ga hanyar ta fara toshewa. Na runtse ido na tura shi.

"Lawali."

Matarsa ta tsaya da zane a hannu. Hajiya ta ɗago kai.

"Inna? Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba kowa."

"To me ya faru?"

"Hadari ne ya haɗo. In ya tarar da ku a hanya, kada ku fake a gindin itace, kada ku raɓi katanga."

"To, Inna. In sha Allahu." Bai kashe wayar ba. Can sai ya ce, da wata ƙaramar murya da rabona da ita tun yana ɗan lakwal, "Inna, abin da kika fara cewa, ban ji sosai ba. Tashar da hayaniya."

Na san ƙarya yake yi, ya ji sarai. Na sake faɗa masa, da ƙarfi wannan karon, sannan na ajiye wayar na je na zuba ƙasa a murhu.